Lakar Rijiyar Zartsi

A shekara ta biyu ta farin nan ina can Kudu, bakin teku, ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje. Aikin namu tonon laka ne. Mukan shiga kwalekwale da safe mu bi gaɓa, mu cusa bututu cikin taɓon da ke ƙarƙashin ruwa mu ɗebo, mu dawo mu raini ƙananan halittun da ke ciki, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Bakteriya ake ce musu. Sai mu ware su ɗaya bayan ɗaya, mu duba siffar kowacce, da abin da take ci, da zafin da take jurewa, sannan mu nemo danginta cikin waɗanda aka riga aka sani. In an yi sa'a a faɗa kan wadda ba a taɓa rubutawa ba, a raɗa mata suna. Na daɗe a aikin ban taɓa yin wannan sa'ar ba.

A ƙauyenmu kusa da Tozai ba wanda ya fahimci haka. Na yi bayani har na gaji. Abin da ya zauna a kan mutane shi ne, ɗan gidan wane ya zama likitan ruwa.

Yayana ne ya kira ni a waya. Shi ke riƙe da gida tun rasuwar mahaifinmu, da damina ya yi noma, da rani ya kai wake da albasa Maraɗi ya dawo da abin da ya samu. Ba mai yawan magana ba ne, kuma waya ba ta ƙara masa ko kaɗan.

"In kana da hali ka zaka gida," ya ce. "Rijiya ta lalace. Kai na likitan ruwa."

Na sauka a Isa da azahar, na hau kabu-kabu. Gonaki duk kara ne tsaye, guntaye, ba zangarniya, ko dabbobi sun ƙi su. An yi shuka ta ƙone, an sake ta sake ƙonewa. Gulbi ya zama yashi, mata na tona shi da ƙwarya suna jiran ɗan abin da zai tsatso.

Rijiyar tana bakin fadama, bayan gari. Da ta ƙafe, Yaya ne ya tara mazan unguwa suka yashe ta, suka ci gaba da haƙa. Suka wuce yashi, suka wuce jar ƙasa, suka tarar da wata baƙar laka mai danƙo, ruwa ya ɓullo. An yi kabbara a ranar. Da aka ɗanɗana sai aka ji zartsi, gishiri-gishiri da ɗaci, ga wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Sabulu ba ya kumfa a cikinsa, tuwon da aka tuƙa da shi ba ya ciwuwa, jaki ma sai ya sunsuna ya kau da kai.

Da muka isa, maza sun kewaye bakin rijiyar suna jirana. Aka jawo guga aka miƙo mini. Ban kai ga ɗanɗanawa ba warin ya tsayar da ni, don na san shi. Shi ne warin da ke bin rigata kullum in mun dawo daga gaɓa. Na leƙa tulin lakar da suka fitar, na gutsuro busasshiyar na murje, cikinta baƙi wuluk kamar wadda nake ɗebowa a teku.

Wani dattijo maƙwabcinmu ya ce, "To, likita, mi za mu zuba mata?"

Na ce ba abin da za a zuba. Alif yana kwantar da dauɗa, amma ba ya cire gishiri. Tafasawa ma sai dai ta ƙara shi. Akwai injin da ke tacewa, amma ba a Isa ba, ba a Sabon Birni ba, kuma ba abin ƙauye ba ne.

"Ba ta da magani ke nan?"

"Ba ta da shi, Baba."

Wani ya ce Allah shi kyauta, mutane suka fara zamewa. Ni kuwa na juya ga Yaya na ce ina son a saukar da ni ciki, za ni ɗebo laka daga gindi. Ya dube ni kamar bai ji daidai ba.

Ban zo da kayan aiki ba, don ban zaci za ni buƙace su ba. Na tattara kwalaben man shafawa na Inna, na wanke, na sa a tukunya na tafasa. Ruwan da na tafasa su da shi daga Isa aka kawo shi a jarka bisa amalanke, na sha ne. Inna ta tsaya a kaina tana kallon tururi na tashi.

"Ɗan nan, ruwan hura na kaka dafa kwalba da shi?"

"Kaɗan na, Inna."

"Babu kaɗan ga ruwa bana."

Washegari da hantsi aka fara zura fitila mai wuta don a ga ko iskar ciki za ta kashe ta. Ta yi lumshi amma ba ta mutu ba. Aka ɗaura mini igiya a ƙugu, Yaya da mutum biyu suka riƙe. Ban taɓa shiga rijiya ba sai ran nan. Ƙafata ta nutse a laka har ƙauri, idona na yaji, na cika kwalaben da sauri na toshe na girgiza igiya. Da na fito na zauna a ƙasa ina haki, Yaya ya dubi kwalaben ya ce, "Shi ke nan abin da kaz zaka yi?" Na ce sai na gwada tukuna. Bayan kwana biyu na koma.

A ɗakin gwaji muna dafa wani kunu da ruwan teku, mu zuba a ƙananan farantan gilashi ya daskare, a kansa halittun ke tsirowa. Na dama lakar gida na shafa a farantai, wasu masu ruwan teku, wasu masu ruwan daɗi, na sa a akwatin ɗumi. Kwanakin farko abubuwan da na saba gani ne suka fito, farare da masu ruwan toka, irin na kowace ƙasa. Har na fara cire rai. Can cikin mako na biyu, a gefen wani faranti mai ruwan teku, sai ga wani ɗigo kamar ƙwayar gero, launin ruwan goro, yana sheƙi.

Na tsince shi da siririyar wayar ƙarfe da na gasa ta huce, na mayar a sabon faranti, na sake, na sake, har ya zama shi kaɗai. A madubi siraran sanduna ne masu ɗan lanƙwasa. Na sa shi a kunun da ba gishiri, ya ƙi tsirowa. Na ƙara gishiri kaɗan, ya yi ƙyuya. Da na kai shi daidai na teku sai ya cika faranti. Halitta ce da ba ta rayuwa sai da gishirin teku, ga ta kuwa daga rijiyar da ke tafiyar kwana biyu a mota daga teku mafi kusa.

Watanni na yi a kanta. Na ba ta sukari iri-iri in ga wanda take ci, na gwada ta a sanyi da zafi, na rina ta, na auna. Duk inda na kai ta cikin littattafan rarrabewa sai ta shiga wani gida rabi, rabi ya rage a waje. Daga ƙarshe muka aika ƙwayar gadonta ƙasar waje aka karanto mana jerin. Amsa ta dawo cewa danginta na kusa duk daga lakar teku aka samo su, amma tazarar da ke tsakaninta da su ta isa a ce wata ce daban. Wani abokin aiki masanin duwatsu ya ƙara mini zumuɗi, ya ce ai ƙasar Sakkwato a can zamanin da ba mutum teku ce ta rufe ta, har yanzu ana tsintar ɓawon katantanwar ruwa a cikin farar ƙasarta. Ban ce halittar tun wancan zamani take ba, na san wannan magana ce mai nauyi. Amma a raina na riga na raɗa mata suna, sunan Gobir da wutsiyar Latin a ƙarshe, yadda ake yi.

Na kwashi komai na kai wa shugabar ɗakinmu. Farfesa ce, 'yar Kudu, ta kusa ritaya, ba ta ɗaga murya kuma ba ta barin kuskure ya wuce ta gabanta. Ta karanta a tsanake, ta cire tabarau, ta tambaye ni da Turanci, "A me ka ɗebo lakar?"

Na faɗa mata.

"Kwalbar man shafawa. A tukunyar girki." Ta nuna teburin da ke kusa da nawa, inda bututun lakar gaɓa ke jere. "A nan ka buɗe ta, ɗaki cike da halittun teku. Ta yaya za ka tabbatar mini daga rijiyarku ta fito, ba daga wancan tebur ta faɗo maka a faranti ba?"

"Farfesa, shekara nawa muna tonon gaɓar nan ba mu taɓa ganin ta ba."

"Ba mu taɓa gani ba, ba ya nufin babu. Koma ka sake ɗebowa da kayan da aka gasa a tukunyar matsi, ka auna gishirin ruwan a bakin rijiyar, ka buɗe a wani ɗaki daban. In ta sake fitowa, ni da kaina za ni sa hannu."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tana da gaskiya. Da ni ne a kujerarta, abin da za ni faɗa ke nan.

Hutu bai samu ba sai bayan watanni, don muna tsakiyar wani aikin da ba a iya barinsa. Duk lokacin da na kira gida sai na ce wa Yaya don Allah a bar rijiyar nan yadda take, kada a taɓa. Ya ce, "An ji." Damina ta uku ta zo ta yi yayyafi ta wuce. Ina jin labarin a waya: wane ya tafi cin rani tun kafin kaka, gidan wane sun koma Shinkafi, rumbunmu ya kai gindi.

Na iso da bazara, ɗauke da kula cike da bututun da aka gasa aka naɗe, da na'urar auna gishiri da na sa hannu kafin a ba ni aro. Ko gida ban shiga ba na ce wa mai kabu-kabu ya bi ta bayan gari. Na sauka na yi ta dube-dube. Na ga itacen da ke kusa da ita, na ga turken da ake ɗaura jakai, rijiya kuwa babu. Wani ɗan tudun yashi ne a wurin, an ɗora masa ƙaya.

Na sami Yaya a zaure yana gyaran buhu. Ko gaisuwa ban gama ba.

"Ina rijiya?"

"An cike ta."

"Wa ya cike ta?"

"Mu munka cike ta." Bai ɗago ba. "San wani Bahillace ya ji ƙanshin ruwa, ya zura kai, baki ya rufta da shi. Munka yi munka yi, bai hito ba. Kwana ukku gari bai shaƙuwa. Mai gari yac ce a rufe."

"Yaushe?"

"Tun kaka."

Tun kaka. Sau nawa muka yi waya tun kaka? Na ce masa na bar aiki, na yi kwana biyu a mota, na ɗauko kayan mutane a kan amana, duk a kan rijiyar da ya san babu ita. Kalma ɗaya ta ishe shi ya faɗa mini. Muryata ta tashi har Inna ta leƙo daga cikin gida.

Ya ajiye buhun. "In na gaya maka mi za ka yi? Ka tono san?" Ya ce ni ban san abin da ya sha ba. Shi ya tara mutane, shi ya ce ƙanensa na zuwa, aka bar aiki aka taru, na zo na ce ba magani, na kwashi taɓo na tafi. Har a kasuwar Sabon Birni ana tsokanarsa, ana tambayarsa ko likita ya gama cin lakar. "Ana ga yaƙi kana ga ƙura. Na sai da shanun huɗa bana, ka sani? Ɗiyana na shan ruwan da ko kai ba ka wanke ƙafa da shi. Kai kuma kullum rijiya, rijiya, kada a taɓa."

Na ce na san da fari, ba a wata duniya nake ba, kuma abin da nake iyawa ina aikowa. Amma ban taɓa ce wa kowa ni likitan ruwa ba ne, su suka laƙaba mini. Abin da na sani shi na zo yi, kuma abu ne da ba a taɓa samu ba a ƙasar nan.

"Shina sa a yi ruwa?"

"A'a."

"Shina sa zartsi shi koma daɗi?"

"A'a."

"To."

Inna ta ce mu ji kunya, a zaure, mutane na wucewa. Ta ce in shigo in sha ruwa. Na shiga, ta ba ni a ƙaramin moɗa, na sha rabi na mayar mata.

Ban haƙura ba. Na yi tunanin in baƙar lakar tana ƙarƙashin rijiya, to tana ƙarƙashin fadamar gaba ɗaya. Na je Sabon Birni na nemo masu huda ƙasa da bututu, waɗanda ke yi wa masu noman rani rijiyar lambu. Babbansu ya ce su da ruwa suke aiki, suna tura shi ta bututu yana wanko ƙasa. Na ce ba zai yiwu ba, ruwan waje zai gauraye da abin da nake nema. Ya yi dariya ya ce ko na yarda ma ina ruwan yake? Muka shirya a kan za su murɗa da hannu, a bushe.

Suka kafa ƙarfe ɗan nesa da tudun, don kada mu faɗa kan mushen. Rana na dukan mu, suna murɗawa suna zarowa suna kakkaɓewa. Rami na farko ya ci karo da dutse, bakin ƙarfen ya lanƙwashe, aka kai maƙera. Na biyu yashi ya yi ta rufta masa, duk abin da aka haƙa da safe kafin azahar ya cike. A na uku muka kai wata laka mai duhu, na yi tsalle na karɓe ta da bututuna. Amma ruwan toka ce, busasshiya, ba wari ko kaɗan. Na roƙe su su ƙara ko kamu biyu. Babban ya ce ƙarfensu ya ƙare, iyakar tsawonsa ke nan, kuma ana jiran su a Turba.

Ranar da suka tafi, Yaya ya fito da babur ɗinsa da sassafe ya tsaya a ƙofar gida. Tun faɗanmu ba mu yi wata magana ba bayan gaisuwa.

"Hau," ya ce. "An ce akwai mai zartsi wajen Alƙalawa."

Muka yi kwanaki muna yawo, ni a baya rungume da kula. Duk inda aka ce ruwa na da ɗaci sai mun je. Wata kanwa ce kawai, wata tsatsar ƙarfe, wata ta ƙafe tun bara. A gefen Alƙalawa muka tarar da wani tabki da ya bushe ya tsattsage, mutane na fasa ƙasar da fartanya suna zaƙulo kifin gaiwa daga cikin kwanciyarta. Na bi ramukansu na ɗebi lakar ƙasa, suna kallona.

A wani ƙauye da ke gaba, kafin mu sauka labari ya riga mu. An ga mutum da na'ura yana auna rijiyoyi. Aka kai mu gaban mai gari, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura mai kauri a shekarar da ba wanda ke da hatsin kyauta. Mai garin, tsoho mai sanyin murya, ya yi godiya ga gwamnati da ta tuna da su, ya ce sun riga sun zaɓi wurin da za a kafa fanfon, in na huta za a nuna mini.

Na ajiye furar. Na ce, "Ranka shi daɗe, ba gwamnati ta aiko ni ba. Ba fanfo za ni kafa ba." Na shiga bayanin ƙananan halittu da gishiri da teku, ina ji da kunnena yadda maganar ke fita ba kai ba gindi. Yaya ya katse ni.

"Ranka shi daɗe, ƙanena na. Karatu shikai. Laka ɗai shika biɗa."

Tsohon ya ce, "To, a ba shi laka." Ya sa aka raka mu rijiyar. Na auna, gishirinta bai kai rabin na tamu ba. Na ɗiba duk da haka, don kunya. A hanyar dawowa, da muka kusa gida Yaya ya ce gobe zai tafi Maraɗi, ba zai ƙara samun sukuni ba.

Na koma Kudu da kula cike da bututu. Na buɗe su a wani ɗaki da ba a taɓa shigar da lakar teku ba, yadda Farfesa ta ce. Abubuwa da yawa suka tsiro, har da masu son gishiri, amma duk sanannu ne. Kowace safiya sai na ɗaga farantai ɗaya bayan ɗaya a gaban taga ina neman ruwan goro. Na bar su har kunun ya bushe ya tsage. Ba ta fito ba.

Farfesa ta tausaya mini ta hanyarta. Ta ce halittar dai tana hannunmu, kuma sabuwa ce ko daga ina ta zo. Za mu iya rubuta ta, mu faɗi gaskiyar yadda aka same ta, mu bar masu karatu su yi hukunci. Sunan Gobir ne ba ta yarda da shi ba, sai an tabbatar. Na yi gardama har na gaji, na yarda. Saura sharaɗi ɗaya: ba a karɓar sabon suna sai an ajiye halittar da ranta a ma'ajiya biyu a ƙasashe biyu, yadda kowa zai iya nema ya gwada.

Fitar da abu mai rai daga ƙasa sai da izini. Na yi ta hawa da sauka tsakanin ofisoshi. Wannan ya ce ba hurumina ba ne, wancan ya ce mai sa hannu ya yi tafiya, wani ya ji kalmar bakteriya ya ja kujerarsa baya ya tambaye ni ko cuta za ni aika wa Turawa. Da izinin ya fito, muka naɗe ƙunshin da ƙanƙara muka kai filin jirgi. Ya kwana a rumfar kaya fiye da mako, ana jiran wani hatimi. Ma'ajiyar da muka aika wa ta rubuto cewa abin da ya iso musu ba ya tsirowa, mu sake aikowa.

Ban damu sosai ba, don ina da ajiya a firizar ɗakinmu. Sai dai a watan nan ne aka ɗauke wuta a unguwar gaba ɗaya, janaretanmu kuma ya ƙone ranar Juma'a da yamma. Kafin Litinin duk abin da ke firizar ya narke ya yi ɗumi, aikin mutane da yawa, ba nawa kaɗai ba. Wata abokiyar aikina ta zauna a ƙasa tana kuka. Ni na kwashi ƙananan kwalabena na shafa su a kan duk farantin da na samu, na canza gishiri, na canza ɗumi, na dafa kunu sabo da ruwan da na ɗebo da kaina daga gaɓa. Farantin da nake rainon ta a kai kullum kuwa fumfuna ta riga ta cinye shi a zafin kwanakin. Na jira wata guda. Farantan suka zauna fes, kamar ba a shafa musu komai ba.

Abin da ya rage shi ne jerin gadonta a kwamfuta, da hotunan madubi, da lambar da na ba ta tun farko. Da wannan ba a raɗa suna. Farfesa ta yi ritaya a ƙarshen shekarar. Ranar da take kwashe littattafanta ta ce mini har yanzu ba ta san ko daga rijiyar take ba, amma tana fata daga can ne. Na ce na gode.

Damina ta gaba ruwa ya dawo, ya dawo da hushi. Gulbi ya cika ya haura, fadama ta zama tabki har bayan gari. Na je gida da kaka, na tarar ana ɗaurin dami, Inna na sussuka a tsakar gida tana faɗa da kaji. Yaya ya sayi ɗan maraƙi guda yana kiwo. Muna zaune a gindin rumbu da la'asar ya tambaye ni, karon farko da kansa, "Wai ina abin nan naka?"

Na ce ta mutu.

"Mutuwa kuma? Suna mutuwa?"

"Suna mutuwa."

Ya jinjina kai. Ya tambayi ko za ni sake haƙa. Na ce ruwan nan da ya kwanta wata biyu a fadama ya ratsa ƙasa, ko na kai lakar ba lalle in sami abin da na samu ba, kuma ba wanda zai ba ni kayan aiki a kan abin da ba ni da shaidarsa. Ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Na ce amin, amma ba har zuci ba, shi ma ya ji.

Ban ƙara shekara biyu a bakin teku ba na nemi canji na dawo Arewa koyarwa. Da la'asar ɗin nan dai ba mu ƙara maganar ba. An kawo sauran dami daga gona, amalanke na jira a ƙofa, Yaya ya hau bakin rumbu ya ce in riƙa miƙo masa, muka yi ta yi har aka kira magariba.